Kawo Kuɗi Muka Sani, Ba Kawo Littafi Ba

Wata Asabar da daddare ina tsakiyar shiri, na karanta wa masu sauraro shafi uku daga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, sannan na buɗe layin waya. Wanda ya fara shigowa wani dattijo ne daga Maamobi. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Ɗana, gidan rediyo aka ba ka ko dandalin tatsuniya? Yara suna shaye-shaye a lungu, kwata ta toshe, kai kuma ka zauna kana karanta mana ƙaryar mutumin da ya daɗe da mutuwa." Na ce, "Baba, na gode, Allah ya ƙara girma," na ɗauki kira na gaba, domin ba a jayayya da sa'an mahaifi duniya tana ji. Amma maganar ta bi ni har gida, ta hana ni barci. Amsar da ladabi ya hana ni bayarwa a rediyo ita ce zan rubuta a nan, kuma ba Baba Alhaji kaɗai nake yi wa ba, don ya faɗi abin da rabin Zango ke riƙe da shi a zuci.

A Nima da Maamobi da nan Kanda, in ka ce littafi, abu biyu ake fahimta. Ko dai na addini, wanda ake naɗewa a ɗora kan kabad don kada yaro ya taɓa, ko kuma na jarrabawa, wanda ranar da aka gama rubutawa mai ƙosai ke gadonsa. Duk abin da ya fita daga waɗannan biyun sunansa tatsuniya, kuma babba ba ya zama da tatsuniya. Na biyun ba ni da abin cewa a kansa. Na farkon kuwa ina girmama shi fiye da yadda bakina zai iya faɗa, kuma daga cikin zauren malamai zan ɗauko hujjata ta farko.

Baba, a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa da na Zangon Gana, ɗalibin da ya yi nisa a lugga me ake ba shi? Ana ba shi Muƙamatul Hariri. Wane ne Abu Zaid na cikin Muƙama? Ɗan damfara ne da Hariri, mutumin Basra wanda ya rasu a 1122, ya ƙirƙira. A cikin muƙamomi hamsin, yau ya fito a mai wa'azi, gobe a tsoho mai ƙara gaban alƙali, jibi a makaho, ya yi wa jama'a zaƙin baki ya kwashe kuɗinsu ya gudu. Ba a taɓa haihuwar Abu Zaid ba, ba shi da kabari a ko'ina. Duk da haka shekaru ɗaruruwa malamai masu rawani suna zama a kan buzu suna fassara wa almajirai dabarunsa kalma bayan kalma, kuma ba a ce sun ɓata lokaci ba. Abubakar Imam ɗan malamai ne, ya san Muƙama, kuma inuwarta tana nan a fili cikin Ruwan Bagaja da ya rubuta don gasar 1933. Alhaji Imam da Malam Zurƙe 'yan'uwan Abu Zaid ne da suka sa riga da hula irin tamu. To me ya sa in labarin yana cikin Larabci sai a kira shi ilimi, in ya sauko cikin Hausa sai ya koma ƙarya? Ina jin tsoron amsar ita ce mun raina harshenmu ne, muka ɗora wa addini laifin.

Ba sai mun tafi Kano neman misali ba, muna da namu a ƙasar nan. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Krachi ya yi limanci har ya rasu a 1934. Babu malamin Zango da zai ce ya fi shi, da yawansu ma silsilar karatunsu ta wurinsa ta bi. Me wannan bawan Allah ya rubuta? Ya rubuta littafin koyar da yadda ake tsara wasiƙa. Ya yi waƙa a kan zuwan Nasara, ya yi a kan talauci da wadata, ya yi a kan annobar murar 1918. Ya rubuta wa Bajamushen nan Adam Mischlich bayanin garuruwan Hausa da sana'o'insu da al'adunsu da ajami. Har waƙar Imru'ul Ƙais, mawaƙin Jahiliyya mai kuka a kufan masoyiya, ya mayar da ita Hausa. Limami ne fa. Bai ga cewa alƙalaminsa zai ƙazantu ba don ya rubuta yadda talaka ke kwana da yunwa. Yau ka tsaya bakin babban masallacin ƙasa da ke nan Kanda bayan Juma'a ka tambayi samari goma wane ne Alhaji Umaru, ka ga amsar da za ka samu. Rubuce-rubucensa suna ajiye a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, tafiyar trotro ɗaya daga Nima. Wani farfesa ɗan Folan, Stanislaw Pilaszewicz, ya zauna ya tace rubutunsa na ajami ya buga. Mu jikokin almajiransa muna nan muna musu a kan ko karanta labari ya dace da mutumin kirki.

Wannan ɓangaren dattawa ke nan. Samari kuma nasu ciwon daban ne, kuma ya fi ba ni haushi, domin su suna ganin sun waye. Ka je majalisar shan ataya ka ce wa ke karatu, za a sami mai ɗaga hannu. Me kake karantawa? Rich Dad Poor Dad. Kai fa? Think and Grow Rich. Na ukun kuma The 48 Laws of Power, wanda ya saya a bakin titi a Circle, yana ta ja wa layuka da jan biro yana shirin mallake abokansa. In ka kawo musu zancen littafin labari sai su yi maka irin dariyar Baba Alhaji, su ce ba su da lokacin abin da ba ya kawo kuɗi. Shekarar da Napoleon Hill ya fitar da Think and Grow Rich, 1937, ita ce shekarar da Magana Jari Ce ya fara fitowa a Zariya. Na karanta duka biyun, kuma na rantse akun nan na Imam ya fi Hill sanin halin ɗan Adam, ya fi shi sanin yadda waziri ke cin amanar sarki yana murmushi. Ban hana kowa karanta littafin neman arziki ba. Amma mutumin da bai taɓa karanta komai ba sai shi, kamar wanda ke cin yaji ne zalla yana cewa ya ci tuwo. Waɗannan littattafai an rubuta su ne don Ba'amurke mai albashi da banki mai ba shi bashin gida. Ba su san adashi ba, ba su san ɗakin haya mai mutum bakwai ba, ba su san cewa in ka samu sidi dubu akwai baki goma sha biyu da ke da haƙƙi a ciki kafin ka kai ƙofar gida ba.

Abin dariya, in ba na kuka ba, shi ne rubutun da ya fi kowanne bayyana yadda kuɗi ke yawo a unguwa irin tamu daga lungunan Nima aka ɗauko shi. Wani Bature, Keith Hart, ya zauna a Nima a tsakiyar shekarun 1960 cikin 'yan ci-rani Farafara. Ya lura cewa mutanen da takardun gwamnati ke kira marasa aikin yi tun asuba suke aiki: dako, talla, dillanci, gyaran rediyo, ba da bashi. Ya rubuta maƙala da ta fito a 1973, kuma daga nan sunan da masana tattalin arziki ke kiran irin waɗannan sana'o'in da hukuma ba ta da lissafinsu ya bazu a duniya, har manyan hukumomin duniya suka ɗauka. Kakanninmu da maƙwabtansu ne darasin. Haka Enid Schildkrout ta rubuta People of the Zongo a kan Zangon Kumasi a 1978. Paul Lovejoy ya rubuta Caravans of Kola a 1980, tarihin fataken goro tsakanin Kano da Gwanja, wato hanyar da ta kawo yawancinmu ƙasar nan. Deborah Pellow ta rubuta Landlords and Lodgers a kan Sabon Zango na Malam Bako ɗan Malam Naino, gida-gida, zaure-zaure. Ba na zarginsu da komai, sun zo sun yi aikinsu, an ba su kujera da ruwan sha, sun tafi sun zama farfesoshi. Abin da nake tambaya shi ne, mu da aka rubuta, mutum nawa ne a cikinmu suka buɗe ko ɗaya don su ga ko an faɗi gaskiya a kanmu? In an yi mana ƙarya a shafi na arba'in, wa zai sani?

Kada a ɗauka wannan zancen 'yan boko ne marasa aikin yi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. Tsofaffinmu suna tuna motocin da aka cika da mutane, har da waɗanda aka haifa a nan ba su san wata ƙasa ba. Har yau in ana wata rajista ta ƙasa sai ka ji an tsare ɗan Zango da tambayar "ina ne garinku na asali?" Yaron da ya karanta ya san cewa Hausawa suna cinikin goro a Gwanja tun kafin a zana iyakar da ake kira Gana, ya san Malam Naino ya kafa zangonsa a Ankara, tamu ta bakin teku ba ta Turkiyya ba, tun ƙarni na 19, ya san Malam Futa ya samu filin Nima daga hannun Ga a farkon shekarun 1930, wannan yaron tsayuwarsa gaban mai tambaya daban ce. Wanda bai sani ba sai ya sunkuyar da kai ko ya yi faɗa, kuma duka biyun asara ce.

Yanzu bari in komo kan labaran da ake kira ƙarya, don a nan ne na fi tsayawa da ƙafafuna. Littafin tarihi zai gaya maka Salaga kasuwar goro ce kuma kasuwar bayi. Ka karanta, ka gyaɗa kai, ka wuce. Amma ka ɗauki The Hundred Wells of Salaga na Ayesha Harruna Attah, wanda ya fito a 2018, ka bi Aminah daga ranar da mahara suka faɗa wa ƙauyensu har ranar da aka tsayar da ita a kasuwa ana taya ta, ka ga ko za ka iya cin abincin dare yadda ka saba. Mu mutanen Zango muna son zancen fatake da ayari da madugu, muna faɗa da alfahari. Ba mu son a tuna mana cewa ba goro kaɗai ayarin ke ɗauka ba. Ni kaina sai da na ajiye littafin kwana biyu kafin na iya ƙarasa shi, saboda na fara tambayar kaina a wane gefen igiyar kakannina suka tsaya. Wa'azi bai taɓa sa ni wannan tambayar ba, littafin makaranta ma haka. Kuma tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi irin wannan aikin da Hausa a Shaihu Umar, inda uwa ta bi sawun ɗanta da aka sace har ƙetaren hamada, ita ma ta faɗa hannun masu bauta. Ɗan siriri ne, zama ɗaya ake gama shi. Wanda ya gama shi ya nemi Baba of Karo, labarin rayuwar wata tsohuwa Bahaushiya da Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, wanda daga baya aka fitar da shi da Hausar da ta faɗe shi. A nan ba ƙirƙira, mace ce ke faɗin aure da kishi da bori da harin bayi yadda ta gani da idonta. Ka haɗa su ukun ka ga yadda na ƙirƙira da na gaskiya ke riƙe wa juna hannu.

Baba ya ce yara suna lalacewa a lungu. Gaskiya ne, kuma ni ma ina bi ta lungunan. Amma wa ya zauna ya saurari yaran? Amma Darko ta yi, a Faceless na 2003, labarin Fofo, yarinya 'yar shekara goma sha huɗu mai kwana a titi wajen Agbogbloshie, da 'yar'uwarta da aka tsinci gawarta a bayan kasuwa. Littafin bai tsaya kan yaran ba, ya bi sawu har gida ya nuna uwar da ta sallama da uban da ya gudu. A cikinsa ma akwai mai gabatar da shiri a rediyo da ya taimaka aka tono gaskiya, abin da ya sa na ji kunyar wasu shirye-shiryen da na ɓata a kan gaishe-gaishe. Mohammed Naseehu Ali kuwa ɗan Zangon Kumasi ne, namu ne na jini. A The Prophet of Zongo Street na 2005 akwai Mallam Sile mai shayi, wanda 'yan unguwa suka raina suna cin bashinsa ba sa biya, har ya auro matar da ta tsaya masa. Mujallar New Yorker ta Amurka ta buga wannan labarin, mutanen da ba su taɓa shan shayin tebur ba suka karanta suka yaba. Kowace kwana a Nima akwai Mallam Sile, kuma da yawanmu mu ne masu cin bashin. Wataƙila shi ya sa ba mu son madubin.

Zan yarda da abu ɗaya. A cikin littattafan soyayya na kasuwar Kano akwai tarkace, akwai waɗanda ba zan ba ƙanwata ba. A 2007 har ƙona wasu aka yi a Kano a bainar jama'a, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau. Amma wuta ba ta iya karatu ba, ba ta bambanta tarkace da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'yanta bayan ya auro mace ta waje, ta koma sayar da abinci ta riƙe gidanta. Wani kamfani a Indiya ya ga darajarsa ya buga fassararsa da Turanci a 2012. Duk matar da ke tashi ƙarfe uku na dare ta ɗora tukunyar wake da shinkafa a Maamobi don ta biya kuɗin makarantar yaran da ubansu ya manta da su, ta san Rabi, ko da ba ta taɓa jin sunanta ba. Maganin mugun littafi shi ne a sami babba a gida da ya karanta isassu har ya iya cewa wannan ɗauki, wancan ajiye. Babban da bai karanta ko ɗaya ba, hani kawai ya iya, kuma yarinyar za ta karanta a waya cikin bargo.

Akwai uzuri guda da nake ɗauka da nauyi. Yawancinmu a Gana muna jin Hausa, muna ciniki da ita, muna faɗa da ita, amma ba mu iya karanta ta a boko ba. Na sha miƙa wa mai digiri Magana Jari Ce ya riƙa tuntuɓe a kan ƙ da ɗ kamar ɗan aji ɗaya. Ba laifinsa ba ne gaba ɗaya. Harsuna goma sha ɗaya gwamnati ta ɗauki nauyin rubutawa da koyarwa, akwai Ga da Ewe da Dagbani da Gonja da Nzema da sauransu, babu Hausa, duk da cewa gidan rediyon ƙasa da ke nan Kanda ya daɗe yana watsa labarai da ita. Hukumar da ke buga littattafan waɗannan harsuna kuwa, ofishinta yana Kawukudi. Unguwar da sunanta ma Hausa ne, kawo kuɗi, a nan ake buga littafi da kowane harshe ban da na masu unguwar. Wannan abin a yi magana ne, kuma sarakunan Zango da 'yan majalisarmu su ya kamata su yi ta. Sai dai ban taɓa jin sun yi ba. Da aka kafa asusun raya Zango a 2017, na zauna a tarurruka da dama inda aka tambayi jama'a me suke so. An ce kwata, an ce fitilun titi, an ce filin ƙwallo mai ciyawar roba, kuma duk muna bukata. Ban ji bakin da ya ce a koya wa yaranmu rubuta harshen uwarsu ba. Ɗakin karatun da ke bakin titin Kanda, wanda yaran Nima da Maamobi ke cikawa bayan an tashi makaranta, ƙungiyar wata mata 'yar Kanada, Kathy Knowles, ce ta kawo shi. Alhazanmu masu benaye suna wucewa ta gabansa da gilashi a rufe.

Kuma koyon karatun Hausa ba hawan dutse ba ne. Wanda ya iya karanta Turanci, mako biyu ya ishe shi ya saba da baƙaƙen, in yana karantawa da ƙarfi kunnensa zai gyara masa. Ni a haka na koya, da wani tsohon Ruwan Bagaja marar bango da wani direban babbar mota ya kawo daga Kano. In muka iya karantawa za mu fara rubutawa, da irin Hausarmu, wadda 'yan'uwanmu na Nijeriya ke yi wa dariya don muna cewa "mata ya zo". Su yi dariyar. A sa ta a bakin mutanen labari yadda suke faɗinta a tashar Nima, a ga ko ba za ta yi daɗi ba. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ke gudanar da gasar Hikayata ta mata marubuta, kuma ina jiran shekarar da zan karanta sunan wata 'yar Maamobi a cikin waɗanda suka yi nasara, in kira ta a shirina in yi mata tambayoyi har lokaci ya ƙare.

Baba Alhaji, ban fasa ba. Shugaban shirye-shirye ya ba ni minti goma sha biyar duk Asabar bayan labaran ƙarfe takwas. Za mu ƙarasa Ruwan Bagaja, mu shiga Shaihu Umar, daga nan in fassara muku abin da Lovejoy ya rubuta a kan ayarin goro, wanda nake zaton a cikinsa za ka ji sunan garin da kakanka ya taso. Zancen kwata kuma ranar Talata ne, kuma na gayyaci ɗan majalisar unguwa. Lambar wayar ba ta canza ba, in ka kira ranar Asabar kai zan fara ɗauka.